Wasiƙa ga ɗana: ka koyi auna wuta kafin ka ɗora wa kowa sola

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu ma nan Tudun Wada lafiya lau. Mahaifiyarka ta gaya mini wai da ka gama bautar ƙasa Abuja za ka wuce, ka zauna wurin abokinka kana zaga ofisoshi da takardu. Ban hana ka ba. Amma a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, shi ya sa na rubuta.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tayar da janareto ya zama sai an yi shawara. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, ninki uku da ɗoriya. A Oktoban 2024 kuma ka ga yadda Arewa ta yi kwanaki a duhu, layin Shiroro zuwa Mando yana lalace. Yanzu mai otal, mai asibiti, mai gidan burodi, mai injin niƙa, kowa kukansa ɗaya. Duk wanda zai iya rage musu abin da suke kashewa a wuta ba tare da aiki ya tsaya ba, to ya samu abin yi, kuma kai difilomarka ta lantarki ce.

Na san za ka ce ai sola kowa ya shiga. Haka ne, har yaran da jiya suke gyaran waya yau suna kan kwano. Sai dai yawancinsu sayarwa suka iya. Su tambayi maigida nawa gare shi, su ɗora faifai da batir daidai kuɗinsa, ba wanda ya tsaya ya ga me ke shan wutar gidan. Wannan zuba ruwa ne a randa mai huji. Bayan 'yan watanni batir ya mutu, a ce sola ƙarya ce.

Ɗauki ƙwan fitila kawai. Tsohon ƙwai mai wat 60 da na LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Gida mai ƙwai goma, awa goma a rana, na farko zai sha yunit 6, na biyu bai cika yunit ɗaya ba. Wannan lissafin a kan takarda za ka yi wa mutum a gabansa, ya ga da idonsa cewa batirin da zai saya ya ragu.

Ko ka duba masu ƙanƙarar da ke bakin layinmu. Robar murfin firizarsu ta saki, iska mai zafi tana shiga, bayan kuma ƙurar hunturu ta toshe shi, an jingina shi da bango ba wurin shan iska. Kwamfuresa sai ta wuni tana gurnani ba hutu. Canjin roba, goge ƙura, janye shi daga bango, ba wani kuɗi ba ne, amma mita za ta nuna bambanci. Haka masu niƙa: motar lantarkin da ke juya injin ta fi ƙarfin aikin da aka ba ta, an sake naɗa mata waya sau da yawa har tana zafi, bel ya yi sako-sako. A ofisoshi kuma a saka na'urar sanyaya ɗaki a digiri 16, taga a buɗe, kwano ba silin kirki. Irin wannan idon nake so ka samu, kuma ba a aji kaɗai ake samunsa ba.

Wurin koyo kuwa, Allah ya yi mu a garin da ya dace. Hedikwatar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, a nan Kaduna take, kuma ita ke kula da tsarin takardar shaidar ƙwarewa ta NSQ, wadda ake gwada hannun mutum a bakin aiki kafin a ba shi. NAPTIN, cibiyar horar da ma'aikatan lantarki, tana da reshe a nan. Ga Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu, kusa da Kadpoly ɗin da ka gama. Ka nemi dattijo mai gyaran firji ko mai naɗin mota ka zauna ƙarƙashinsa. Zai aike ka sayen shayi, ka je. Kada takardarka ta sa ka ɗaga masa kai. Ka kuma karanta ƙa'idar gini mai tattalin wuta da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017. 'Yan kwangila kaɗan ne suka san da ita.

Mu da muka ga Kakuri tana ci, ba ma yarda da maganar aikin dindindin. An buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, da an tashi aiki kekuna sun cika titi. Yau je ka gani. Atamfar sumoga ta taimaka wajen kashe su, amma tsadar wuta da man injin ma suna ciki.

Kuɗin ba zai zo da wuri ba, gara ka sani. Mutanenmu sun fi son biyan kaya a kan biyan shawara, don haka da farko a cikin kuɗin aiki za ka riƙa saka ladan awonka. Ka rubuta abin da mita ta nuna kafin ka taɓa komai, ka koma bayan wata guda ka sake rubutawa; wannan littafin shi zai kawo maka na gaba. Wasu za su ce ka zagaye musu mita. Kada ka kuskura, sata ce, kuma ba da yawuna ba. Kada kuma ka taɓa waya sai ka gwada ta da kanka, ko wa ya ce maka an ɗauke wuta.

Mitar nan da ake maƙalawa a jikin waya ta nuna abin da take ja, ni zan saya maka idan fansho ya shigo. Ka sanar da mu ranar da za ku karɓi takardar sallama, kuma ka taso da sassafe, kada dare ya yi maka a hanya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.