Wasiƙa zuwa ga Abba, kan maganar aku da kare

Assalamu alaikum.

Abba, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma nan Zariya lafiya ƙalau, sai zafi da ya fara kankama. Mahaifiyarka ta ba ni labarin hirar da kuka yi ranar Juma'a, wai kana son sa wata dabba a gida, kana ta kai-kawo tsakanin aku da ɗan kwikwiyo irin na 'yan sanda da abokin aikinka ya yi maka tayi. Na san in a waya ne ba za ka bar ni in kai aya ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Gidan nan naka na Kubwa na kwana biyu a cikinsa, na san shi. Ɗaki biyu da falo ne a saman bene, da 'yar baranda da ba ta fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba, a nan kuma kuke shanya. Kana fita ƙarfe shida don gudun cunkoso, ba ka dawowa sai bayan magariba, matarka kuma tana wurin aikinta har la'asar. Da wannan gida da wannan fita za ka auna dabbar, tun kafin ka duba wadda ta burge ka.

Maganar kare ba zan ja ta ba. Wannan kwikwiyon da kake ɗauka da hannu ɗaya, kafin shekara da rabi zai kai kilo 30 ko fiye, kuma irinsa don kiwon tumaki aka samar da shi a Jamus, yana buƙatar gudu da yawo na wajen awa biyu kullum. Ka kulle shi a falo, zai huce a kan kujerunka da takalmanka, ya hana maƙwabtan sama da na ƙasa barci. Ka kuma san hadisin da ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona. A saman bene ba ka da ko ɗaya cikin ukun. Ka yi wa abokinka godiya, ka ce ba wuri.

Aku ne nake so mu tsaya a kansa, don ni na taɓa yin wannan kuskure. Lokacin ina aiki a Kaduna, kafin in auri mahaifiyarka, ɗaki ɗaya nake haya a Tudun Wada. Na sayi aku a hannun wani mutum a tasha, mai launin toka da jan wutsiya, har ya iya sallama. Watan farko kowa sai ya leƙo ɗakina, ni kuwa ina ta fankama. Amma da safe nake rufe shi a keji in tafi, sai dare. Bayan 'yan watanni na fara tarar da gashi a ƙasan kejin. Na ɗauka ƙwarƙwata ce, na yi ta barbaɗa masa toka. Wata rana na dawo da wuri, na tsaya a bakin taga ina kallonsa bai gan ni ba. Da bakinsa yake kama gashin ƙirjinsa, ya fizge, ya yar, ya sake kama wani. Ƙirjin nan ya zama tamkar na kazar da aka fige za a sa a tukunya. Ba ciwo ke damunsa ba, kaɗaici ne. A dajinsa garke-garke suke yawo, suna ta surutu daga safe har yamma, ni kuwa na ajiye shi shi kaɗai yana kallon bango. Ƙarshenta gidan kakarka na kai shi, inda mata ke daka, yara ke shige da fice, sannan ya ɗan dawo hayyacinsa. Gashin ƙirjin bai taɓa cika kamar da ba. Har yau in na tuna sai in nemi gafara.

Ka kuma sani aku tsuntsu ne mai tsawon rai, yana kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum. In ka saye shi yau, wataƙila jikokinka ne za su gaje shi. Ihunsa da asuba kuwa katangar bene ba ta tare shi. Sannan kamun da ake masa ya yi yawa, har a 2016 a taron kare namun daji da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu ƙasashen duniya suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda za ka gani a bakin titi cikin kejin waya, da wuya a ce a gida aka ƙyanƙyashe shi.

Na ji ma an ce ka ambaci kunkuru, wai shi ba ruwansa da ƙara. Gaskiya ne, amma ka tambayi irinsa tukuna. Babban kunkurun nan na yankinmu na Sahel shi ne na uku a girma a duniya. Za a sayar maka da shi kamar tafin hannu, ya yi ta girma har mutum ɗaya ya kasa ɗaga shi, ya wuce shekara 70 a raye, kuma haƙa rami ɗabi'arsa ce, rana kuma abincin ƙashinsa. A kan tayil me zai haƙa? Zomo kuwa zafin Abuja na watan Maris yana iya kashe shi a rufaffen ɗaki, kuma duk wayar wuta da ya samu sai ya gwaguye. Kifi a akwatin gilashi ya fi kowa ladabi, sai dai injin da ke tace masa ruwa da wuta yake aiki, kai kuma ka fi ni sanin yadda wutarku take. Tantabara, wadda ka san ita ce tawa tun ina yaro, ba zan ma fara ba ka sha'awarta ba. Tana son rufin gida da sarari, kuma kashinta a kan shanyar matar ƙasa zai haɗa ka faɗa da mutane.

In dai sai ka ajiye wani abu, to mage. Ita ce dabbar da gidanka zai ɗauka. Fiye da rabin yininta barci take yi, ba ta buƙatar a fita da ita, kuma ita hawa take so fiye da fili, in ta samu saman kabad da bakin taga inda za ta kalli tsuntsaye, ɗaki biyu ya ishe ta. Ta fuskar tsarki ma ba ka da damuwa, a Muwaɗɗa akwai hadisin Abu Ƙatada cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu. Amma kada ka karanta wannan ka manta da ɗayan, na matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Magen gidanmu in aka manta da ita, sai ta haura katanga ta kama ɓera. Taka ba ta da katangar haurawa. Ranar da ka rufe ƙofar nan, cinta da shanta da lafiyarta duk sun dawo wuyanka, kuma magen da ke zaune a gida tana kai shekara 15.

Saboda haka ka tanadi baho mai faɗi da yashi, ka ajiye a lungu nesa da kwanon abincinta, a kwashe kullum. A gida mai tsakar gida ba wanda zai ji, amma a ɗaki biyu kwana ɗaya aka tsallake zarni ya kama labule. Kwashewar kuma aikinka ne, ba na matarka ba. Mahaifiyarka ta raɗa min halin da matar taka take ciki, Allah ya raba lafiya. Akwai wata ƙwayar cuta da ake samu a kashin mage wadda ke iya taɓa ɗan da ke ciki, kuma sai kashin ya kwana take zama mai kamuwa, shi ya sa na ce kullum, ka kuma wanke hannu da sabulu. Barandar nan ka sa mata raga, don mage in ta hango tsuntsu mantawa take da tsawon bene. In ta kai wata uku ka kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar haukan kare, don mage ma tana kamuwa. Ba wani abu ne mai wuyar samu ba, a Vom kusa da Jos ma ana yin irinta. Ka tambaye shi kuma yadda za a yi da maganar haihuwa, don mace tana fara neman namiji tun tana wata biyar ko shida, da kukan dare irin na jariri, muzuru kuma fitsari yake fesa wa bango.

Waɗannan maguna masu dogon gashi da ake yayi yanzu, masu fuska kamar an danna, ni ban ga dalilin kuɗinsu ba. Kullum sai an taje su, zafi na wahalar da su, gashi kuma har cikin miya. Tamu ta gida ta fi su juriya.

Abu biyu suka rage, ka yi su kafin komai. Ka duba takardar hayarka ko ka tambayi mai gidan, kada ka kawo dabba a ce ka fitar. Sannan ka samu wanda zai riƙa shiga yana ba ta abinci in kun taho Sallah, mutum takamaimai wanda ya amsa da bakinsa, ba "za a samu" ba. In babu shi, ka haƙura tukuna.

Magen mahaifiyarka ta haihu a sito makon jiya, 'ya'ya huɗu. Akwai wata mai ɗigon baƙi a hanci, ita ta fi natsuwa, na ce kada a ba kowa. Sai ta kai wata biyu za a raba ta da uwarta, kafin nan ka yi shawara da matarka, don ita za ta fi ka zama da ita. Ka gaishe ta ƙwarai, ƙannenka ma suna gaisuwa. Allah ya yi muku albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.