'Yata ta zuba sirrin gida biyu a cikin labarin da take rubutawa

Assalamu alaikum Hajiya, ke da duk abokan aikinki. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Na daɗe ina sauraron shirinki ina wanke-wanke, ina jajanta wa masu aiko da wasiƙa, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana tawa za a karanta ba. Don Allah a sakaya sunana da na unguwarmu. Ki ce dai wata uwa ce daga cikin birnin Kano.

Shekarata 36, 'ya'yana biyar. Maganar a kan babbar ce, 'yar fari, mai shekara 16, tana aji biyu na babbar sakandare. Yarinya ce shiru-shiru, ba ta da yawo, ba ta da rawar kai, in kin ga ta fita to makaranta ce ko Islamiyya. Ƙawarta ɗaya tal, tun firamare suke tare, 'yar wani babban gida ce a bayan layinmu.

Wata uku da suka wuce na lura in na sa data ta naira 500 ba ta kwana biyu. Da asuba in na ɗauki wayar sai in ji ta da ɗumi, caji ya ƙare. Ƙannenta maza na fara zargi da kallon ƙwallo, har na zane ɗaya a banza, Allah Ya yafe mini. Ranar da na zauna na bincika wayar sosai sai ga wani guruf na WhatsApp an ɓoye shi can ƙasa, mutum sama da 240, 'yan mata da matan aure, kowa yana jiran "shafin yau". Ashe da rana take rubutawa a littafin makaranta, in mun yi barci ta zare wayata daga ƙarƙashin filo ta kwafe ta tura musu.

Ni ma ba baƙuwar littafi ba ce, Hajiya. Muna 'yan mata hayar littattafan soyayya muke yi a wani shago a bakin layi, mu cusa a tsakiyar littafin lissafi muna karantawa malami yana gaban allo. Ina ajin ƙarshe a 2007 lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya, kuma na tuna yadda muka ɓoye namu a ƙasan katifa. Saboda haka abin da ya fara faɗo mini shi ne batsa, don na san irin ƙazantar da wasu ke turawa a waya yanzu. Na karanta hannuna yana rawa. Babu ko ɗaya. Ko saurayi babu a labarin. Da ma shi na tarar, da na san abin yi.

Labarin wasu ƙawaye biyu ne, 'yar talaka da 'yar masu hali. (Ba zan faɗi sunan littafin ko na taurarinsa ba, kada masu sauraro su je nema.) Kowacce tana ganin gidan ɗayar ne aljanna. Wata rana suka je Kasuwar Kurmi sayen kayan kwalliyar sallah, wata tsohuwa da ba wanda ya san ta a layin ta sayar musu da kwalli a cikin tsohon tandu, ta ƙi karɓar kuɗi. Da daddare kowacce ta rambaɗa kwallin a gidansu, ta dubi madubi ta ce "da ma ni ce wance". Gari na wayewa kowacce ta farka a jikin ƙawarta, a kan gadon ƙawarta. Wallahi yarinyar ta iya tsara zance. Inda 'yar masu kuɗin ta tashi tana neman famfon wanka aka miƙa mata bokiti da guga, na yi dariya har da hawaye ni kaɗai a ɗaki.

Dariyar ba ta kai shafi na bakwai ba.

Abbansu ya yi shekara 14 yana aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kamfanin ya fara rage ma'aikata, kafin ƙarshen shekarar aka sallame shi. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, har mahaifiyarsa. Tun daga ranar kullum sai na goge masa kaftani da dutsen guga na gawayi, ya karya hula, ya rataya jakarsa ya fita ƙarfe bakwai kamar yadda ya saba. Shagon wani amininsa yake zama, wani lokacin ya samu dillancin da zai shigo da dubu biyu, wani lokacin ya dawo hannu yana dukan cinya. Ni kuma na sayar da sarƙata ta gwal na sayo ta roba mai ruwan gwal irinta sak, don kada a ga wuyana wayam a gidan biki. Kwanukan jerena na bi su ɗaya bayan ɗaya, na sayar da na sahun baya na bar na gaba, ta yadda in baƙuwa ta leƙa kabet za ta ga kamar a cike yake. Mun ɗauka mun rufe yaran. A gabansu ko sau ɗaya ba mu taɓa zancen ba.

Duk wannan yana cikin labarin, Hajiya. 'Yar masu kuɗin da ke cikin jikin 'yar talaka aka sa ta goge kabet, ta ɗaga kwanon gaba ta ga babu komai a bayansa sai shatin ƙura zagaye-zagaye inda kwanuka suka taɓa zama. Ta lura takalmin uban ba ya dawowa da baƙin man injin da ƙawarta ta taɓa ba ta labari. Ta ji uwar tana ƙirga kuɗin cefane sau uku a banɗaki, wai ko za su ƙaru. Ni ce nake yin haka. Ban san akwai mai jina ba.

Da a nan abin ya tsaya da na ce namu ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma akwai ɗaya gidan. A labarin, 'yar talakan da ta farka a gidan masu kuɗi ta tarar da wani ɗaki a can baya kullum a kulle, an ce na ajiya ne. Babban yayan gidan kuma kowa ya san yana karatu a Malesiya. Ashe ba inda ya je. Shaye-shaye ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, tun zamanin da kodin ke yawo a hannun samari kafin gwamnati ta hana shi a 2018, daga nan ya koma ƙwayoyi. Wata yana asibiti, wata yana wannan ɗakin, uwar tana kai masa abinci da kanta bayan masu aiki sun kwanta. Hajiya, gidan su ƙawar 'yata akwai babban ɗa da aka ce yana karatu a waje, shekara nawa ba wanda ya gan shi ko a sallah. Ƙasar kawai ta canza. Ban taɓa zargin komai ba sai da na karanta. Na tabbata yarinyar nan ce ta amince wa tawa ta faɗa mata, ita kuma ta ɗauka ta zuba wa mutum 240.

Abin da ya fi ci mini rai, matar gidan ba ta taɓa yi mini sai alheri ba. Azumin bara ta aiko mini da rabin buhun shinkafa da galan ɗin mai, ta ce wai an kawo musu ne ya yi yawa. Yanzu nake tunanin ko ita ma ta san namu ne ta hanyar 'yarta, ta rufa mini asiri ta ƙi nunawa. Ga shi mako biyu ke nan ƙawar ba ta tako gidanmu ba, alhali da sai an kore ta da magariba. Na tambayi tawa, ta ce "karatu take yi", ta juya kai.

Ana cikin haka ƙaramar ƙanwarsu ta je ta faɗa wa kakarsu cewa Yaya tana tashi da tsakar dare tana rubuta labarin aljanu tana kuka. Washegari sai ga surukata da ƙullin hayaƙi da man habbatus sauda, ta ce ba shakka an shafi yarinya, mai lafiya ba ya zama ya ƙago mutane suna musayar rai, a nemo mai ruƙiyya. Na lallaɓa ta da ƙyar. Na je na samu malaminsu na Islamiyya, ban ba shi labarin duka ba, na dai tambaye shi hukuncin irin wannan rubutu. Ya karanto mini ayar Suratul Isra'i ta 85, cewa ruhi al'amarin Ubangiji ne, ya ce rai ba ya ƙaura daga jikin wani zuwa na wani, kuma a tabbatar yarinya ta san haka. Amma ya ce in kowa ya san ƙage ne, ai mu ma da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da 'yan matan da ke rikiɗa aka raine mu, ba wanda ya ce kakanninmu sun yi ridda. Hankalina ya kwanta ta wannan fuskar. Ni dai na san aljanin da ke damun 'yata, a cikin gidan nan yake kwana.

Saura abin da ya sa na kasa barci, wanda shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Kin san al'adarmu. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata aka sa mata, kunya biyu ke nan. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko in ce wa ƙannenta "ku kira mini yayarku". Ban taɓa zama na tsefe mata kai muna hira ba, ƙanwata ce ke yi mata. Haka tawa uwar ta yi wa yayanmu, haka na taso na gani, kuma Allah Ya sani ba rashin so ba ne. In tana zazzaɓi ni ce ba na runtsawa.

A shafi na 23 ƙawayen suka koma Kurmi suka samo tsohuwar, suka roƙe ta ta mayar da su. Ta ce maganin ɗaya ne: kowacce sai uwar da ta haife ta ta dube ta a cikin baƙon jikin, ta gane ta, ta kira ta da sunanta na yanka. Uwar 'yar masu kuɗin ta gane tata cikin kwana biyu, ta yadda take murza zoben hannunta in ta tsorata. Ita kuwa 'yar talakan ta zo gidansu a jikin ƙawarta, ta durƙusa ta gaida uwarta, ta zauna a tabarmar da ta saba zama, ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida ta inda ta saba farawa. Uwar ta yi mata fara'a irin wadda ba ta taɓa gani ba, ta kira ta da sunan ƙawar har sau uku, ta zuba mata abinci da hannunta. Yarinyar ta ce a ranta, ashe Umma ta iya kiran suna.

A nan labarin ya tsaya. Yau kwana 19 ba ta ƙara ko layi ɗaya ba. 'Yan guruf sai magiya suke yi. Wata ta rubuta cewa wannan uwar muguwa ce, Allah Ya raba mu da irinta. Wata ta ba ta amsa cewa ba mugunta ba ce, kunya ce, ita ma haka tata uwar take. Suka yi ta musu a kaina, a cikin wayata, ina zaune ina karantawa.

Ita ba ta san na gani ba, ko kuma ta sani tana jira ne, don ta daina goge saƙonnin kamar yadda take yi da farko. Abbansu ya san tana "ɗan rubuce-rubuce", ya ce a bar ta in dai ba zai taɓa mata WAEC ba, amma bai karanta ba. Mutum ne mai zuciya a kan rufin asirinsa. Ina tsoron ranar da zai ji cewa matan unguwa sun karanta labarin jakarsa da ba komai a ciki sai sallaya. Ga kuma wani mai karanta littattafai a YouTube ya turo saƙo shekaranjiya yana neman izinin karanta shi a tasharsa, har da tayin kuɗi. In ya shiga can, ya fi ƙarfin gogewa.

Hajiya, gaba kura baya sayaki. In na ƙwace wayar na yaga littafin, na toshe ƙofa ɗaya tilo da yarinyar nan ta samu ta yi magana, kuma na ga a bayan littafinta ta rubuta cewa burinta ta shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa wata rana. In na ƙyale, sirrin bayin Allah da suka ciyar da ni yana yawo a wayoyi. Shin in je in samu mahaifiyar ƙawar in ba ta haƙuri tun kafin ta ji a waje, ko zuwan nawa ne zai tona abin da wataƙila ba ta san ya fita ba? Abbansu fa, in faɗa masa, ko in fara kashe wutar tukuna? Ƙanwata ta ce in bar mata ita ta yi wa yarinyar magana, kamar yadda aka saba. Na san hakan ya fi mini sauƙi. Amma ai ba ƙanwata aka rubuta a shafi na 23 ba.

Jiya da ta dawo daga makaranta ina bakin murhu, na ɗaga kai na buɗe baki da niyyar in kira ta. Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, "Ke, ga abincinki can." Ta ce "To, Umma," ta ɗauka ta shige ɗaki.

Ki taimake ni da ta inda zan fara, Hajiya. In kuma akwai uwar da ta taɓa karya wannan kunyar a cikin masu sauraro, ina roƙon ta bugo waya ta faɗi yadda ta yi. Zan kasa kunne ranar shirin, in Allah Ya kai mu. A karanta da wuri don Allah, kafin yara su taso daga Islamiyya.

Wassalam,
Wata uwa daga cikin birnin Kano