Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗaliban jami'ar Hochschule Rhein-Waal na garuruwan Kleve da Kamp-Lintfort a Jamus.

Da maganar kuɗi za mu fara, domin ita ce ta ɗaure mana ƙafa duk shekarar nan. Yuro 5 a wata muka tsayar da bakinmu a matsayin kuɗin ƙungiya, amma waɗanda suka biya wata 12 cif ba su kai rabinmu ba. Ma'aji ya yi ta tuni a WhatsApp, ya bi wasu har ɗakin cin abinci, har abin ya fara zama kamar roƙo. Mun san halin da ake ciki. Yuro 992 da asusun kulle (asusun banki da ɗalibin waje ke ajiye kuɗin zamansa don samun biza) yake sakar wa mutum a wata, haya da inshorar lafiya ke cinye mafi yawansa. Sai dai masu aikin dare a rumbunan kaya su suka fi kowa biya a kan lokaci, saboda haka ba rashi ne kaɗai dalili ba.

Rajistar ƙungiya ma ta sake kwana. Dokar Jamus tana neman mutum bakwai su sa hannu a kan tsarin mulki, a haɗa da bayanin taron kafawa, Notar, wato jami'in shari'a mai tantance takardu, ya tabbatar da sa hannun shugabanni, sannan a kai kotun yanki. Tsarin mulkin yana nan a rubuce da Jamusanci tun watan Mayu. Sau biyu muna kiran zaman sa hannu bakwai ɗin ba su cika ba. Masu cewa shugabanni sun yi barci su duba takardar halarta. Littafin jagoran sabbin zuwa shi ma ya tsaya a babi na biyu: an gama bayanin rajistar masauki cikin mako biyu da tarewa, da na inshora, amma wanda ya karɓi babin ofishin baƙi ya tafi aikin kamfani bai miƙa wa kowa ba.

An yi tarukan wata-wata, an yi buɗa-baki da gaisuwar Sallah kamar yadda aka saba.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne bitar Praxissemester, wato zangon koyon aiki a kamfani, ta watan Oktoba. Alhamdu lillahi, ɗaki ya cika har da masu tsayuwa, kuma 'yan uwanmu mata sun ciyar da kowa da waina da zoɓo daga aljihunsu. Allah Ya saka musu da alheri. Tsofaffin ɗalibai uku da ke aiki yanzu suka hau jirgin ƙasa na RE10 tun da asuba suka zo, kuma ba wa'azi suka yi ba, aiki aka yi. An haska takardar tarihin karatu ta wani ɗalibi a bango da yardarsa, aka bi ta layi-layi da jan biro har shafi huɗu ya koma biyu. An ga wasiƙar neman aiki da sunan wani kamfani daban ya maƙale a sakin layi na biyu, irin kuskuren da ke jefa takarda kwandon shara tun ba a karanta ba.

Ga waɗanda ba su zo ba, ga abin da aka koyar. Digirin farko a Hochschule Rhein-Waal zango bakwai ne, na shida kuwa ko karatu a wata ƙasa ko mako 20 a kamfani. Wanda ya fara da hunturu, zangonsa na shida yana kamawa a Maris, don haka neman wuri daga Oktoba ne, ba Fabrairu ba. Kafin ka aika komai, duba dokar jarrabawar fanninka ka ga ko makinka ya kai. Karɓi takardar makaranta mai nuna cewa aikin wajibi ne, domin kamfanoni da yawa ba sa duba mai nema sai da ita, kuma ita ce hujjarka cewa kwanakin ba sa shiga cikin kwana 140 da aka yarje wa ɗalibin waje ya yi aiki a shekara. Nemi farfesan da zai kula da kai, ya ga ayyukan da za a ba ka, ya amince kafin ranar farawa. A nan mutane suke faɗuwa: su fara aiki kafin amincewa, daga baya makonnin su tashi a banza. A kuma sani, aikin wajibi ba ya ƙarƙashin dokar mafi ƙarancin albashi. Abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ne naka, sai a karanta da kyau, musamman idan za a kama ɗaki a wani gari.

Baƙinmu sun daɗe a kan maganar harshe, kuma gaskiya suka faɗa. Darasi da Turanci ne, amma ƙananan kamfanonin yankin nan Jamusanci suke yi a wajen injina da wajen shan kofi. Sun kuma tuna mana cewa farfesa a irin wannan makaranta sai ya yi aƙalla shekara biyar yana aiki, uku daga ciki a wajen jami'a, kafin a ɗauke shi. Ke nan malamin da kake gudun ofishinsa ya san mutane a masana'antu. Wanda ya riƙe aikinsa da kyau, sau da yawa a kamfanin yake rubuta kundin kammalawa a zango na bakwai.

Abin da ya ɓata mana rai shi ne wasu 'yan zango na biyar, waɗanda dominsu aka shirya bitar, ba su leƙo ba, sai ga su a Disamba suna kiran sakatare da tsakar dare a duba musu takardu. Mun duba, kuma za mu duba, amma mutum uku ba za su ci gaba da ɗaukar kayan kowa ba.

Zaɓe yana taron Janairu, kuma a ranar za a kawo tsarin mulki don sa hannu. Kujerar ma'aji da ta sakatare a buɗe suke. Mai bashi ya biya kafin ranar, ko ya sami ma'aji a keɓe su tsara yadda zai riƙa ragewa.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa