Zuwa ga 'yata likita, kan tayin aikin kamfani

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Tun da muka ajiye waya daren jiya nake juya maganar barin asibitin nan zuwa kamfanin manhajar lafiya. Kin san ni, alƙalamina ya fi bakina kaifi, shi ya sa na zauna rubutu.

Ban ga laifinki ba. Shekara takwas kina kwanan asibiti, sai ga masu cewa ki zo ki zama mai ba su shawara kan jinya, babu aikin dare, albashi ya fi. Wa zai ƙi dubawa? Aikin ma ba na banza ba ne. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da manhajar IDx-DR, wadda ke duba hoton ido ta gano illar ciwon suga ba sai likitan ido ya gani ba, bayan an gwada ta a kan mutum 900. Da likitoci aka yi wannan.

Sai dai ki fara tambayar kanki me suke saye a wurinki. Injiniyoyi suna da su, masu talla suna da su. Abin da suka rasa shi ne mai lasisi da zai sa hannu ya ce wannan abu ba zai cuci mara lafiya ba. A Ingila har ƙa'ida aka yi, DCB0129: kamfanin da zai yi wa hukumar lafiyarsu ta NHS manhaja sai ya naɗa ma'aikacin lafiya mai rajista da zai riƙe kundin haɗurra, ya rubuta duk hanyar da manhajar za ta iya jawo cutarwa da matakin da aka ɗauka. To kafin ki karɓa, ki tambaye su ƙarara: in na ƙi sa hannu, za a dakatar da sakin manhajar, ko za a nemo wani ya sa? Kuma ƙarƙashin wa zan yi aiki? In suka ce shugaban sashen ciniki, ki yi musu godiya ki tashi.

Bari in ba ki labarin da ban taɓa ba ki ba. Lokacin da aka kawo mana kwamfuta ɗakin magani, kusan kowace takarda muka shigar sai jan gargaɗi ya fito. Wannan ba ya jituwa da wancan, wancan a duba ƙoda. Kafin wata guda yatsana ya saba kore shi tun ido bai karanta ba. Wata rana da yamma, layi ya yi tsawo, aka miƙo takardar wani yaro an rubuta nauyinsa kilo 18. Ja ya fito, iri ɗaya sak da arba'in ɗin da na kore tun safe. Na ɗaga kai ne kawai don in kira suna, sai na ga uwar rungume da ɗan da ko tafiya bai fara ba. Kilo 8 ne, hannun wani ya zame. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wanda ya tsara manhajar nan mai ilimi ne, amma bai taɓa tsayuwa bayan taga da mutum talatin suna jiransa ba, kuma babu wanda ya gaya masa gargaɗi in ya yi yawa kunne toshewa yake. Kujerar mai gaya masan ce ake miki tayi.

Wani kuskuren ma ba ya fitowa da ja. A 2019 mujallar Science ta buga bincike kan wani lissafin kwamfuta da ake amfani da shi a Amurka wajen zaɓen masu buƙatar ƙarin kulawa. Ashe kuɗin da aka kashe wa mutum yake aunawa a matsayin tsananin ciwo. Da yake baƙaƙen fata an fi kashe musu kaɗan, sai ya ɗauke su masu sauƙi. Duk wanda ya daɗe a ɗakin jinya ya san mai ƙarancin zuwa asibiti ba lallai shi ne mai lafiya ba. Irin wannan sanin kuwa dusashewa yake in aka bar ganin marasa lafiya. Don haka ki sa a rubuta miki a takardar aiki cewa rana ɗaya a mako ta asibiti ce, lasisinki kuma kada ki bari ya mutu.

Maganar hannun jarin da suka ce za su haɗa miki, ban hana ki karɓa ba, amma kada ki gina lissafin gida a kansa. Kamfanin manhajar lafiya na Ingila mai suna Babylon an yi masa ƙimar sama da dala biliyan 4 a 2021, a 2023 ya durƙushe. Abin da ya fi damuna ma shi ne mai hannun jari nauyin baki yake yi ranar da ya kamata ya ce a tsaya.

Ki turo min takardar in karanta kafin ki sa hannu, musamman wurin da ya yi maganar wa zai ɗauki alhaki in an samu matsala, da wa ke iya buɗe bayanan marasa lafiya. Mamanki na gaishe ku, ta ce ita dai murnarta za ki riƙa kwana a gida. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya yi miki albarka.

Mahaifinki