Shin sai na je Indiya kafin a bar mini nonona?

Assalamu alaikum Hajiya. Ya aiki, ya ƙoƙari? Allah Ya saka miki da alheri.

Ni matar aure ce, shekarata 39, 'ya'yana huɗu, muna zaune a Agege, Legas. Maigidana albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Wata biyu da suka wuce ina wanka na ji wani ƙullutu a nonona na hagu, bai kai girman goro ba, ko ciwo ba ya yi. Aka ɗauki hoto, aka tsakuro ɗan nama da allura, sakamako ya nuna sankarar mama ce. Likita ya ce ba ta yi nisa ba, ana iya cire ƙullutun da ɗan naman da ke kewaye da shi, a duba kaluluwar hammata, a bar sauran nonon. Amma dole a bi da gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe sauran ƙwayoyin cutar, na makonni, kullum daga Litinin zuwa Juma'a.

Hajiya, tsorona ɗaya. Akwai maƙwabciyata da aka cire wa nono gaba ɗaya. Na taɓa shiga ɗakinta na tarar tana naɗe tsumma tana cusawa a rigar nono kafin ta fita biki. Tun ranar da aka ba ni sakamako, ita nake gani in na rufe ido.

Shi ya sa maigida ya dage sai Indiya. Wani dillali ya turo masa lissafi ta WhatsApp, duk da dala. Da na sa ɗana ya karanta mini a tsanake, kuɗin tiyata da kwanciya ne kawai. Babu gashi a ciki, babu kuɗin jirgi na mutum biyu ta Addis Ababa, babu bizar jinya tawa da ta mai rakiya, balle hayar ɗaki da abinci a Delhi har a gama. Ga dala kuma ta yi tsada, tun 2023 ta haura naira 1,000. Filinsa ɗaya tak a Funtuwa, na gado, shi yake son sayarwa. Wallahi abin nan ya fi cutar hana ni barci.

Ga shi kuma a Idi-Araba akwai cibiyar sankara ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da aka buɗe a 2019, kuma suna da na'urar gashi.

To Hajiya, aikin da za a yi mini can ya bambanta da na nan? In an yi tiyata can, zan iya dawowa a yi gashin a Legas? Kuma ta yaya zan faɗa wa maigida ya dakata da filin, ba tare da ya ga na raina ƙoƙarinsa ba? Kwanaki na tafiya, ko mahaifiyata ban sanar ba tukuna.

'Yar'uwarki daga Agege