Wasiƙa daga Kaduna: idon saniya da furen tumatir

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin can? Shirun ya yi yawa, kuma na san za ka ce layi ne ba kyau, to ga takarda.

Albishirinka! Yaran ajina sun ga abin da ke sa idon mage ƙyalli da dare. Mahaucinmu na Tudun Wada ya tara mini idanun shanu, muka tsaga da reza. Can ƙuryar idon, bayan tantanin da ke kama haske, akwai wata shimfiɗa mai sheƙi, shuɗi-shuɗi kore-kore, masana na ce mata tafetum. Hasken da ya kuɓuce wa tantanin, ita ke maido masa kamar madubi, ya sake kamawa. Shi ya sa kura da kare da kada ke gani da ɗan hasken da mu ba zai ishe mu ba, ko da yake ganin ba ya fita tangaran. Ɗan Adam ba shi da ita. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe magenmu ba mayya ba ce!" Wallahi daɗin da na ji sai Allah. Da kana nan da a benci na gaba zan zaunar da kai, kai da ka bar takalmi a Unguwar Rimi saboda ido biyu a kan katanga.

Af, mutumin naka ya ƙara aure, an ɗaura ran Juma'a. Hajiya kuma tana cigiyarka, ta ce alkawari kaya ne.

Maganar tumatirinka da ke zubar da fure kuwa, tana raina. A jikin fure, cikin 'yan jakunkunan da ƙurar haihuwa (ɗan garin da ke sa fure ya yi ɗa) ke nuna, akwai wata shimfiɗa ita ma mai suna tafetum, amma aikinta daban: ciyar da ƙurar take yi, ta yi mata sulke mai tauri, sannan ta narke. In zafi ya tsananta, irin na Maris da Afrilu, sai ta lalace tun lokaci bai yi ba, ƙurar ta fito ba rai, fure ya kaɗe ba ɗa. Don Allah ka daina ƙara taki, kuɗinka kake ƙonawa. Ka dasa da wuri, furen ya riski hunturu.

Yaran sun ce mako mai zuwa sai idon kifi. In ka san mai tarwaɗa da ba ya tsawwalawa a kasuwar Kawo, faɗa mini. Gai da uwargida da su Abba.

Naka har kullum.