Likitoci, ku rubuta wa masu famfon insulin maganin ajiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da likitoci, da kuma iyaye irina. Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni birnin Leeds a Ingila tun shekaru da dama. Autata tana da ciwon suga nau'i na ɗaya, wato wanda jiki yake daina yin insulin gaba ɗaya, ba irin na dattawa da ake lallaɓawa da ƙwaya da kiyaye abinci ba. Tana da shekara bakwai aka gano shi. Bayan shekara biyu muna fama da allura huɗu zuwa biyar a kullum, asibiti suka ɗora ta a kan famfon insulin.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, 'yar na'ura ce da ba ta kai wayar hannu girma ba. Ana zuba mata insulin, siririn bututu ya fito daga jikinta ya shiga 'yar kanula, wato ɗan siririn bakin da ake cusawa ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, a riƙa canza kanular duk bayan kwana biyu ko uku. Dare da rana tana ɗiga insulin kaɗan-kaɗan, in za a ci abinci a danna mata ta ƙara. Ni dai ba ni da bakin kushe ta. Ita ta mayar mini da barcin dare, ita ta sa yarinyar nan take zuwa makaranta ba tare da ta riƙa ɓuya a banɗaki tana yi wa kanta allura ba. A watan Disamba na 2023 hukumar NICE, mai ba da shawara kan magunguna a Ingila, ta amince a faɗaɗa bai wa masu wannan ciwo irin famfon da yake haɗe da na'urar auna suga, yana rage insulin ko ƙarawa da kansa, kuma yara na cikin waɗanda aka sa a gaba. Ke nan masu ɗauke da famfo sai ƙaruwa za su yi, har da 'ya'yanmu da ke nan da Amurka da Saudiyya, da 'yan tsirarun da suke dawowa da shi gida daga asibitocin waje.

Amma akwai wani abu game da famfon nan da ban fahimta da kyau ba sai da ya kusa cin ran ɗiyata. Mai yin allura yana amfani da insulin iri biyu: mai saurin aiki na lokacin cin abinci, da mai dogon zango irin su Lantus, wanda in an yi shi sau ɗaya yana nan a jiki kusan awa 24. Ko da mutum ya manta allurar abincin rana, wancan yana nan yana riƙe da shi. Famfo kuwa mai saurin aikin kaɗai yake ɗauka, irin su NovoRapid ko Humalog, wanda ƙarfinsa yake ƙarewa cikin awa huɗu zuwa biyar. Babu wani abu a ajiye a jiki. Da zarar kanula ta lanƙwashe, ko bututu ya toshe, ko na'urar ta mutu, cikin 'yan awoyi jikin ya wayi gari babu insulin ko ɗigo. Daga nan sai ya koma ƙona kitse, wani sinadari da ake kira kiton ya taru a jini, jinin ya yi tsami, sai amai, sai ciwon ciki, sai numfashi sama-sama, in ba a yi gaggawa ba sai suma. Abin da zai ɗauki mai allura yini guda ko fiye, mai famfo tsakanin isha'i da asuba ya ishe shi.

A watan Afrilu na 2024 hutun makaranta ya zo daidai da ƙaramar Sallah, muka shirya zuwa gida. Saura kwana goma mu tashi na kira asibitin unguwarmu na ce a rubuta mana alƙalamin insulin mai dogon zango, wato abin yin allura mai kama da biro da insulin a cikinsa, domin wanda ke firij ɗinmu wa'adinsa ya wuce da wata biyar. Matar da ta ɗauki waya ta duba kwamfuta ta ce an cire shi daga jerin magungunan yarinyar, tunda an fi shekara ba mu karɓa ba. Na ce ai ba mu karɓa ba ne saboda Allah ya kiyaye famfon bai lalace ba. Ta ce sai dai in ga likita. Likitan ya saurare ni, mutumin kirki ne, amma ya ce shi a takardunsa yarinya tana kan famfo, ba zai rubuta insulin na biyu ba sai da wasiƙa daga ƙwararrun babban asibiti. Na kira can, aka ce wasiƙa za ta zo. Har muka hau jirgi ba ta zo ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma da laifina. Na ga shekara biyu famfon nan bai taɓa ba mu kunya ba, na cika jaka da kanula da bututu da batir da kwalabe biyu na mai saurin aiki, na jefa 'yan sirinji guda biyar, na ce mako uku ne kawai, Allah zai tsare. Da na je na zauna a ƙofar ofishin likitan nan na ƙi tashi, da sun rubuta.

Kwananmu shida a Kano abin ya faru. Zafin Afrilu kowa ya san shi, rana tana haura maki 40 a ma'aunin Celsius, dare ma ba iska. Wajen ƙarfe ɗaya na dare, babu wuta, muna kwance a tsakar gidan Hajiya a kan tabarma, sai na ji famfon yana wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Na haska shi da fitilar waya. Wani rubutu ya fito cewa ya daina ba da insulin, sannan fuskarsa ta yi baƙi. Na canza batir, na sake canzawa. Shiru. Yarinyar ta farka ta ce, “Umma, ƙishirwa nake ji, kuma cikina yana juyawa.” Na soki yatsarta, suga ya nuna 19, wato ya hau ƙwarai. Na ɗauko na'urar gwajin kiton, sauran tsinken gwaji uku kacal a cikin kwalin, na gwada ya nuna 1.8. Abin da aka koya mana shi ne ƙasa da 0.6 lafiya lau, daga 1.5 zuwa sama an shiga haɗari, in ya kai 3 sai asibiti ba tsayawa. Daga baya da na cire kanular na ga bakinta a lanƙwashe, gumi ya ɗaga mannen. Wato tun kafin na'urar ta mutu insulin ya daɗe ba ya shiga yadda ya kamata.

Hannuna yana rawa na ja insulin daga kwalba da sirinji, Hajiya tana riƙe mini da waya tana haskawa tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Na yi mata allurar, na riƙa ɗura mata ruwa kofi bayan kofi. Haka muka kwana, duk awa uku allura, duk awa gwaji. Sirinji biyar ɗin nan ina ƙirga su kamar mai ƙirga numfashi.

Da gari ya waye na kira kamfanin da ya ƙera famfon. Suka ce za su aiko da sabo, amma zuwa adireshinmu na Ingila, ba sa aikawa inda muke. Yayana ya ɗauki mota ya shiga gari neman mai dogon zango. Kemis biyu na farko gaurayen insulin kaɗai suke da shi, wanda aka haɗa kashi 30 na mai saurin aiki da kashi 70 na mai daɗewa a kwalba ɗaya, kuma ba da shi aka tsara jinyar yarinyar ba. A na uku ya samu, da tsada ƙwarai. Ya kira ni ya ce, “Ga shi na samu, amma firij ɗinsu a kashe yake, sun ce tun jiya ba wuta, man janareto ya ƙare.” Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye shi ne tsakanin maki 2 da 8, wanda aka buɗe kuma yawanci kwana 28 yake yi in zafi bai wuce maki 30 ba. Wa zai gaya mini kwana nawa wannan ya yi a zafi? Na ce, “Yaya, don Allah ƙara gaba.” Sai bayan azahar ya samo a wani babban kantin magani mai sola.

A nan kuma sabuwar matsala ta ɓullo, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Nawa za a yi mata? Duk lissafin insulin ɗin da take sha a yini yana cikin famfon, famfon kuwa ya mutu. Ba ni da shi a rubuce a ko'ina. Ba a yi wa yaro insulin da ka, in ya ɗan yi yawa sai suga ya faɗi cikin barci. Allah ya taimake mu da wata likitar yara, ƙawar matar yayana, ta zo har gida. Ta tambayi nauyin yarinyar, ta sa na tono tsofaffin saƙonnin asibiti a wayata har muka ci karo da wani rahoto na wata uku baya, ta yi lissafi a kai, ta fara da kaɗan, ta riƙa kira safe da yamma tana gyarawa. Ita ce ma ta ja kunnena cewa in zan sayi sirinji in duba lambar da ke jikinsa, domin da yunit ake auna insulin, kuma akwai na insulin mai yunit 40 a mililita, akwai na mai 100, in aka haɗa kwalbar wannan da sirinjin wancan an ɓata awo. Allah ya saka mata da alheri. Alƙalamin da muka buɗe, Hajiya ta naɗe shi a leda ta sa a 'yar tukunyar ƙasa, ta zaunar da ita cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, irin dabarar tukunya cikin tukunya da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Da shi muka ƙarasa kwanakinmu.

To likitoci, ga roƙona. Duk wanda kuka ɗora a kan famfo, a ranar ku rubuta masa abin da zai koma kai in famfon ya tsaya: alƙalamin mai dogon zango, alƙalamin mai saurin aiki ko sirinji, allurai, tsinken gwajin suga na yatsa ko da yana da na'urar auna suga da ke manne a hannu, tsinken gwajin kiton, da allurar gulukagon ta farfaɗo da wanda sugansa ya faɗi. Sannan ku ba shi takarda, takarda ta gaske da za a iya ninkewa a sa a jaka, mai ɗauke da yunit nawa zai yi na kowanne da lokacin yi, a riƙa sabunta ta duk zuwa asibiti, domin yaro yana girma awonsa yana canzawa. Kuma kada a cire waɗannan daga jerin magungunansa don an ga bai karɓa ba. Rashin karɓar ai shi ake fata.

Na san hujjar da ake kawowa, na ji ta da kunnena: asara ce, alƙalami zai zauna a firij har wa'adinsa ya wuce a zubar. Gaskiya ne, za a zubar. Nawa ne kuɗin alƙalami mai yunit 300 in aka gwada shi da kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman, ana ƙarin ruwa ana ɗibar jini duk awa? In kwalin guda biyar ne ake jin nauyi, a nemi hanyar ba da ɗaya ko biyu. Wata ƙawata da ke Amurka ta ce su can kamfanin inshora ne yake turjewa, yana cewa ba zai biya insulin iri biyu ga mai famfo ba, sai likita ya rubuta dalili. To a rubuta dalilin mana. Layi biyu ne.

Ban manta ba cewa a gida yara da yawa masu wannan ciwo insulin ɗin kansa ne yake gagarar iyayensu, famfo kuwa ko a mafarki. Na gansu da idona a layin asibiti, kuma abin yana cina. Amma wannan ne ma ya sa mai zuwa gida da famfo ya fi kowa bukatar ajiya, domin in ya lalace babu shagon da zai shiga ya sayi kanula ko bututunsa, kuma ba kowane likita ne ya taɓa riƙe na'urar a hannu ba. Likitocinmu na gida, in mara lafiya ya zo muku da famfon da aka sa masa a Masar ko Indiya ko Dubai, ku tambaye shi me zai yi in ya tsaya yau da dare. In ya yi shiru, kada ya fita daga ofishinku sai da takarda.

Iyaye 'yan'uwana, ba a fafe gora ranar tafiya. Da muka dawo ban sake kira ta waya ba. Na je da kaina wurin ma'aikaciyar jinyar masu ciwon suga, na ajiye mataccen famfon a kan teburinta, na ba ta labarin daren nan. Na ce ina so ta rubuta wa likitan unguwa cewa waɗannan magunguna na ajiya ne, ba za a riƙa karɓa kowane wata ba, kuma kada a goge su. Ta rubuta a gabana, ta ba ni kwafi. A nan na ji cewa wasu kamfanonin suna ba da aron famfo na biyu ga mai tafiya ƙasar waje in ya nema da wuri, abin da ba wanda ya taɓa gaya mini.

Yanzu a ƙofar firij ɗinmu akwai 'yar jaka shuɗiya, na rubuta ranar ƙarewar wa'adin kowane alƙalami a jikinta da babban baƙi. Takardar awon tana ciki, hotonta yana wayata da ta babanta da ta yayana a Kano. In za mu hau jirgi jakar a hannuna take, ba ta shiga cikin manyan akwatuna, domin sanyin ƙasan jirgi yana iya daskarar da insulin ya lalata shi. Makon jiya na sa yarinyar ta ɗauko alƙalamin ta nuna mini yadda za ta ɗaura allura ta murɗa awo da kanta, tunda rabonta da shi an kwana biyu. Ta yi daidai, sai dai ta manta fitar da iska kafin ta soka, muka sake daga farko.

Wassalam.

Uwar wata yarinya mai ciwon suga,
daga Leeds, Ingila.